Kundin gwajin ces: mu da manhajar waya

Asabar, 8 ga Nuwamba, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin aikin da muka ƙudura, ni da matasan da nake koya wa wasan ces, wato darar Turawa, a ƙauyenmu da ke yankin Ringim. An gama girbin gero, dawa ma ta kusa shiga rumbu, saboda haka daga la'asar zuwa magariba mutane suna da sarari. Abin da muke so mu gani da idonmu shi ne girman tazarar da ke tsakanin ɗan Adam da manhajar ces, kuma mu auna ta da abin da yake ƙirguwa, wato 'ya'ya nawa za a ɗebe wa manhajar kafin gwanin cikinmu ya iya cin ta.

Musabbabin aikin gardama ce da ta tashi a majalisa. Dattijon da ya fi kowa iya dara a garin nan, wanda dukanmu muke kira Baba, ya ji ina cewa yau babu gwanin ces a duniya da zai iya cin manhajar da ke cikin wayata, sai ya ce, "Malam, ban ƙaryata ka ba, amma dara ido ce da haƙuri, kuma ban ga inda ƙarfe zai samo su ba." Na ga babu amfanin jan magana, gara a shimfiɗa allo kowa ya gani.

Kayan aiki: allon roba mai naɗewa da 'ya'yansa, wanda aka sayo mini a Sabon Gari ta Kano a kan naira 9,000, allo na biyu da kafinta ya zana mana a jikin falanki, naira 2,500, sai littafin rubuta taku. Manhajar ita ce DroidFish, kyauta ake sauke ta, kuma injin da yake lissafa mata taku shi ne Stockfish. Na zaɓe ta ne domin tana aiki ba tare da intanet ba, ga shi a nan sabis ba ya kamawa sosai sai mutum ya fita bakin titi. Cajin waya a wurin mai sola naira 200 ne. Masu zuwa a kai a kai su ne ni, da telan unguwarmu, da wani ɗalibi ɗan aji biyar na sakandare wanda ya fi mu duka gani a allo, da wasu yara masu tasowa. Ni zan riƙe waya ina buga takun manhajar a kan allo, mai wasa kuma ba zai ga fuskar wayar ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Mun fara da manhajar a cikakken ƙarfinta, kowane ɓangare da 'ya'yansa 16. Kowa ya zauna, kowa ya tashi a ciye. Ɗalibin ne ya fi daɗewa, shi ma kafin taku na 30 an kashe masa sarki. Abin da ya fi ɗaure wa masu kallo kai shi ne ba su ga wani takun ban mamaki ba. 'Ya'yan mutum ne kawai suke rasa wurin zuwa ɗaya bayan ɗaya har komai ya rushe.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Jikin yaran ya yi sanyi bayan abin da ya faru ranar Laraba, don haka yau ban buɗe waya ba, na zaunar da su na ba su tarihin wannan karawa, domin su san ba su kaɗai aka yi wa haka ba.

A shekarar 1996 Garry Kasparov, wanda yake riƙe da kambin duniya a lokacin, ya kara da kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue. Ta ci shi wasan farko, amma ya farfaɗo ya lashe karawar da maki 4 da 2. Da aka sake haɗuwa a watan Mayu na 1997, bayan an ƙara mata ƙarfi har tana duba yanayin allo kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, ita ce ta yi nasara da maki 3 da rabi, shi kuma 2 da rabi, kuma wasan ƙarshe bai wuce taku 19 ba. Duk da haka mutane ba su sallama nan take ba, domin a 2002 Vladimir Kramnik ya yi kunnen doki 4 da 4 da manhajar Deep Fritz a Bahrain, a 2003 kuma Kasparov ya tashi 3 da 3 da manhajar Deep Junior. Daga nan ne al'amarin ya karkata gaba ɗaya. A 2005 a Landan, na'urar Hydra ta kara da Michael Adams na Ingila, wanda yake cikin goman farko a duniya, wasa shida, bai tsira da komai ba sai rabin maki. A 2006 a birnin Bonn, inda gidan rediyon Jamus yake watso mana shirye-shiryen Hausa, Deep Fritz ta ci Kramnik 4 da 2 alhali yana zakaran duniya, kuma a wasa na biyu ya kasa ganin cewa taku ɗaya ya rage a kashe masa sarki. Bayan wannan ba a ƙara shirya babbar karawa irin waɗancan tsakanin zakaran duniya da kwamfuta ba tare da rangwame ba.

Maganar Kramnik ce ta fi shiga ran telan. Ya ce idan mutum irin wannan zai iya makancewa a taku ɗaya, to gajiya ce da shagala suke kayar da mu, ita kuwa na'ura ba ta san su ba. Ina ganin ya faɗi rabin gaskiya. Ɗaya rabin shi ne ko da mutum bai yi kuskure babba ba, ƙananan kurakurai da ido ba ya gani suna taruwa, manhajar kuma ba ta yafe ko ɗaya.

Na kuma yi musu bayanin ma'aunin Elo da ake auna ƙarfin 'yan wasa da shi. Idan wani ya fi ka da maki 200, ana sa ran zai kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na makin wasanninku. Idan 400 ne, kusan kashi 91. Maki mafi yawa da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan ƙasar Nowe a 2014, Stockfish kuwa jadawalan da ake gwada manhajoji da juna suna ajiye ta sama da 3500. Ma'aunan biyu ba tukunya ɗaya suka fito ba, don haka ba a kwatanta su kai tsaye, amma ko an rage ɗaruruwa, tazarar tana nan da girmanta.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Makon nan mun gwada rage wa manhajar ƙarfi daga cikin saitinta, kuma sakamakon bai gamsar da ni ba. A matakai na ƙasa yaran sun fara ci, murna ta dawo, har wani ya je gida yana shelar ya doke kwamfuta. Da dare na bi wasannin a littafi taku bayan taku, sai na ga yadda nasarar ta samu. Manhajar takan yi wasa mai kyau na tsawon lokaci, sannan haka kawai ta ajiye doki a inda soja zai cinye shi, ba tare da an matsa mata ba kuma ba tare da wani tarko a baya ba. Dalili shi ne rage ƙarfin ba ya mayar da ita mai tunani irin na ɗan koyo. Tana gano takun da ya fi kyau, sai tsarin ya sa ta zaɓi wani mafi rauni da gangan, bisa ƙuri'a. Kuskuren mutum yana da asali, ko kwaɗayi ko tsoro ko rashin ganin abin da ke nesa, shi ya sa ake koyon yadda za a jawo shi. Wannan kuwa kyauta ce da take faɗowa ba a san ranarta ba, kuma yaron da ya saba da ita zai koyi zaman jira maimakon shiri.

Na yanke shawarar mu bar wannan hanya. Manhajar za ta koma cikakken ƙarfinta, rangwamen kuma a kan allo za a yi shi, inda kowa zai ga abin da aka ɗebe. A lissafin da aka saba, soja maki 1 ne, doki da giwa 3 kowannensu, hasumiya 5, sarauniya 9. Za mu fara da cire mata sarauniya.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Hazo da iska. Mun koma zauren telan. Bita kawai aka yi.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Ranar farko ta wasa ba sarauniya a ɓangaren manhajar. Kafin a fara kowa ya ɗauka an gama, har Baba ya matso da tabarmarsa kusa. Ni da telan an ci mu ba tare da wani labari ba. Wasan ɗalibin ne ya cancanci a rubuta.

Ya buɗe da kyau, ya fito da dawakansa, sannan ganin yana da sarauniya ita ba ta da, sai ya fito da ita da wuri yana farautar sojoji. Ya ci ɗaya a gefen allo, ya ci na biyu. Duk takun da ya kashe wajen wannan farauta, manhajar ta kashe nata wajen fito da giwayenta biyu da dawakanta, kuma kusan kowannensu yana fitowa ne da barazana ga sarauniyar, dole ta sake gudu. Sarkinsa yana nan a tsakiya bai ɓuya ba. A taku na 17 dokinta ya faɗa wani gida kusa da sarkin, ya kai wa sarki da sarauniya hari a lokaci guda. Sarki ya kauce, sarauniya ta tafi a kan doki ɗaya. Ko a nan yana da ɗan rinjaye a ƙirga, amma 'ya'yansa rabi suna gida ba su motsa ba, nata kuwa duk suna fage, kuma bai ƙara taku goma sha biyu ba aka rufe shi.

Baba ya daɗe yana kallon allon kafin ya ce wa yaron, "Ɗana, dukiya aka ba ka, ka fita da ita kasuwa kana nunawa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." A ra'ayina wannan ya fi duk bayanin da zan yi masa, domin wanda yake da rinjaye ba ƙarin ganima yake buƙata ba, tsaro yake buƙata.

Asabar, 6 ga Disamba

Aiki ya tsaya kusan mako guda saboda waya. Tun farko na bar manhajar tana tunani na tsawon lokaci a kowane taku, har ma tana ci gaba da lissafi yayin da abokin karawarta yake nasa tunanin, wayar kuwa takan yi zafi har ba ta riƙuwa a hannu. Ranar Litinin na ga murfin bayanta ya ɗago, ashe batir ne ya kumbura. Na kai ta Ringim wurin wani mai gyara, ya canza batir a kan naira 7,500, kuɗin babur zuwa da dawowa naira 1,600. Batirin da ya sa bai riƙe caji yadda ya yi alkawari ba, sai da na koma ya sauya wani, na sake biyan kuɗin hanya. Wannan ya cinye abin da na ware domin sayen agogon wasa.

Da wayar ta dawo na kashe tunanin da take yi a lokacin abokin karawa, na kuma taƙaita mata zuwa daƙiƙa ɗaya a kowane taku. Wayar ta daina zafi, cajin ranar guda yana kai mu kwana biyu. Na zaci wannan zai sassauta mana, amma a wasannin jiya da yau babu wanda ya ji bambanci. Hakan ya yi daidai da abin da aka gani tun 2009, lokacin da manhajar Pocket Fritz 4, a cikin wayar hannu ta wancan zamani, ta lashe gasar Copa Mercosur a Ajantina da maki 9 da rabi cikin 10, a gasar da manyan gwanaye suke ciki, alhali ba ta duba ko dubu 20 na yanayin allo a daƙiƙa. Idan aka ajiye wannan kusa da miliyan 200 na Deep Blue, za a gane cewa ba saurin na'ura kaɗai ne ya kawo mu inda muke ba. Masu rubuta manhajojin sun ƙware wajen sa su watsar da rassan da ba su da amfani, su zurfafa a kan kaɗan masu ma'ana.

Asabar, 13 ga Disamba

Makon atisaye. Dokoki uku na sa wa kowa: a ɓoye sarki kafin taku na 10, kada sarauniya ta fita farauta, kuma duk inda aka sami musayar ɗa da ɗa daidai wa daida a karɓa. Hikimar musaya ita ce yawan 'ya'ya a allo shi ne yake ba manhajar damar ƙulla abin da idonmu ba zai hango ba; idan allo ya yi fili, sarauniya ɗaya ta isa.

Ranar Alhamis telan ya bi wannan tsari tiryan-tiryan har ya kai ga abin da ba mu taɓa kaiwa ba: shi yana da sarki da sarauniya da soja, ita sarki kaɗai. Zauren ya cika, yara suna leƙe ta taga. Ya tura sarkinta kusurwa, cikin zumuɗi ya matso da sarauniya gida ɗaya fiye da kima, sai sarkin ya rasa inda zai taka alhali ba a kai masa hari ba. A dokar ces wannan canjaras ne. Ya riƙe kai ya kasa magana, ni ma abin ya taɓa ni, domin wasan da ya yi kafin nan ya cancanci nasara. Tun ranar kowa yana maimaita kashe sarki da sarauniya, da kuma kashe shi da hasumiya, har sai hannu ya saba.

Asabar, 20 ga Disamba

Alhamdu lillahi, yau ɗalibin ya ci manhajar a wasan da ba ta da sarauniya. Ya ɓoye sarkinsa a taku na 7, ya jera sojojinsa yadda suke kare juna, kuma kafin kowane taku ina ganin leɓensa yana motsi yana bin gidajen da dawakanta za su iya dira, kamar yadda muka yi atisaye. Ya musanya giwa da giwa, ya musanya doki da doki. A tsakiyar wasa ta bar masa soja a fili. Ya miƙa hannu, ya tsaya, ya janye, ya ƙara kare sarkinsa. Da muka duba daga baya, da ya ci sojan nan da hasumiyarta ta sami hanyar shiga layinsa na baya. Ya yi asarar sojoji biyu a hanya, amma ya tilasta musayar hasumiyoyi, kuma a taku na 61 ya kashe sarkin a gefen allo, yana barin masa gidan numfashi a kowane taku har sarkinsa ya iso.

Baba ya ce wannan ya tabbatar da maganarsa ta ido da haƙuri. Na ce masa, "Baba, gaskiyarka a kan haƙuri, sai dai a tuna sarauniya muka cire mata." Ya yi dariya ya ce a mayar mata da ita wata rana a gani. Na sayi lemo da ƙuli-ƙuli na naira 1,500 aka raba.

Asabar, 27 ga Disamba

Mutane sun ragu, wasu sun tafi fadama aikin noman rani, wasu biki. Ɗalibin ya sake cin wasa ɗaya ba sarauniya, ya faɗi biyu. Nasarar ba ta zauna ba tukuna.

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Mun taɓa mataki na gaba, wato a mayar mata da sarauniya a cire hasumiya ɗaya. Tazarar maki 4 ce kawai a lissafi, amma a kan allo wata duniya ce daban. Hasumiya tana kusurwa, ba ta shiga wasa sai an yi nisa, don haka a taku ashirin na farko manhajar tana faɗa ne da cikakkiyar rundunarta, kuma ba mu kai inda rashin hasumiyar zai dame ta ba. Duk wasannin makon nan an ci mu, yawancinsu da hari kai tsaye a kan sarki.

Domin mu san inda muke a wannan tsani, na duba yadda manya suka kwashe da irin wannan rangwame. A 2016 Hikaru Nakamura na Amurka, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi a duniya, ya kara da manhajar Komodo wasa huɗu, ana ba shi rangwame ƙarami a kowanne, kamar soja ɗaya ko ƙarin taku a farkon wasa. Uku suka tashi canjaras, ta ci ɗaya. A 2020 David Smerdon na Ostareliya, mai muƙamin babban gwani, ya kara da Komodo an cire mata doki, ya ci 5 ita ta ci 1. Wato a wancan lokaci iyakar tana tsakanin soja da doki ga manyan gwanaye. Daga baya an horar da wasu nau'o'in manhajar Leela musamman domin wasa da rangwame, suna guje wa musaya suna rikita allo da gangan, kuma sun sha cin manyan gwanaye a wasan gaggawa alhali an cire wa manhajar doki ɗaya. Wannan ya sa na fahimci cewa nasararmu tana da alaƙa da halin Stockfish, wadda take ɗauka abokin karawarta ba ya kuskure, don haka takan yarda da musayar da mai wayon cin ɗan Adam zai ƙi.

Leela ta samo asali ne daga hanyar AlphaZero, wadda kamfanin DeepMind ya bayyana a 2017. Dokokin wasa kawai aka ba ta, ta koyi sauran ta hanyar karawa da kanta, sannan a wasa 100 da Stockfish ta wancan lokaci ta ci 28, saura 72 canjaras, ba a ci ta ko ɗaya ba. Ita ma Stockfish ta ɗauki irin wannan dabara ta koyo a 2020, ta ƙara ƙarfi sosai. Ɗalibin ya tambaye ni ko akwai amfanin ci gaba da koyo tunda haka ne. Na amsa masa cewa Carlsen da Nakamura ma da waɗannan manhajoji suke shirya wasanninsu, kuma gasar da mutane suke taruwa kallo har yau ta mutum da mutum ce.

Asabar, 10 ga Janairu

Lissafin kuɗi zuwa yau: alluna da littafi kusan naira 12,000, gyaran waya da zirga-zirga naira 10,700, caji da ɗan abin taɓawa kimanin naira 6,000. Telan ya ɗauki nauyin caji daga yanzu, ya kuma ɗinka wa 'ya'yan ces jaka, domin sojoji biyu sun ɓata a hannun yara muna maye gurbinsu da murfin kwalba.

Matsayinmu shi ne mutum ɗaya a cikinmu yana iya cin manhajar idan ba ta da sarauniya, ba kullum ba, kuma babu wanda ya kusa a matakin hasumiya. Na lura kuma yaran sun fi ƙaruwa a ranakun da suka kara da juna, sannan muka shigar da wasan cikin waya ta nuna takun da lissafi ya juya. Ita da lamba kawai take nuna wurin, ba ta faɗin dalili, sai mun zauna mun tono shi da kanmu, wani lokaci taku ɗaya yakan ci mana rabin awa.

Tsarin wata mai zuwa: Laraba wasa tsakaninmu da bitarsa da manhaja, Asabar kaɗai karawa da ita. Ba za mu koma matakin hasumiya ba sai ɗalibin ya ci uku a jere ba sarauniya, sannan za mu sa matsakaicin mataki, a cire mata hasumiya da doki tare. Ranar da na shiga Dutse zan sauke wasannin Kasparov da Deep Blue na 1997 da na Kramnik na 2006 domin mu bi su a allo, zan kuma tambayi farashin agogon wasa, saboda har yanzu mai wasa yana tunani iya son ransa, kuma ina so in ga ko nasarar za ta tsaya idan aka ba shi minti 30 kacal.